Faifan da aka naɗa a Sakkwato da tambayar da ya bar wa Dala

A shekarar 2008 wani matashi Ba'abzine daga jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta sani yau da suna Mdou Moctar, ya ƙetaro iyaka zuwa Sakkwato ya naɗi kundin waƙoƙinsa na farko mai suna Anar. Da harshen Tamashek ya rera, da jita ya kaɗa, amma duk wanda kunnensa ya saba da waƙoƙin fina-finan Hausa zai ji hannunmu a ciki: gangar kwamfuta, da muryar da na'ura ta lanƙwasa har ta yi siriri tana rawa. Salon nan ne da situdiyoyin Kano suka yayata, wanda dattawanmu ke kira kiɗan fiyano suna taɓe baki.

Kundin bai bi ta kanti ba. Daga waya zuwa waya ya yi ta tafiya, ta memori da bulutut, har ya kai arewacin Mali, inda wani Ba'amurke mai tattara kiɗa, Christopher Kirkley, ya ci karo da waƙar Tahoultine. Ya sa ta cikin wani tarin waƙoƙin wayoyin Sahara da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011, sannan ya bi sawun mai waƙar har ya same shi. A 2014 kamfanin ya buga Anar a faifai. Zuwa 2019 Mdou ya fito da kundin Ilana da cikakkiyar ƙungiyar makaɗa, a 2021 kuma kamfanin Matador na birnin New York ya fitar da Afrique Victime. Yau ana lissafa shi cikin gwanayen jitar lantarki na kiɗan rok, alhali amon da ke ƙarƙashin kiɗan nasa takamba ce ta bukukuwan hamada.

Ni mutumin Dala ne, kuma wannan labari bai zo mini baƙo ba. Shekaru aru-aru ayarin Abzin ke sauke gishiri a Kano ya koma da turkuɗin da marinanmu suka rina, har muna da unguwar Agadasawa a cikin birni. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda baƙo ya ari salonmu ya fara da shi, ya wuce, ya kafa ƙungiyar da ke kiɗa da hannu a gaban jama'a, mu kuwa masu salon muna nan inda ya bar mu. Mawaƙinmu na yau ya shiga situdiyo, yaro ɗaya ya haɗa masa kiɗa a kwamfuta. Ranar biki a kunna sautin, shi kuma ya riƙe makirfo yana bin muryarsa.

Ba don rashin gado ba ne. Mamman Shata ya yi zamani da kalangu, Ɗanmaraya Jos ya zaga duniya da kuntigi mai tsirkiya ɗaya, Garba Supa ya raya daren Kano da kukuma, Barmani Choge ta tashi mata tsaye da ƙwarya. Waɗannan amo ne da za su zauna daram a gefen jitar lantarki. Maƙwabtanmu sun nuna haka: ƙungiyar Tal National ta Yamai, wadda ke waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek, ta fita kasuwar duniya da kundin Kaani a 2013, jagoranta Almeida kuwa alƙali ne.

Na san abin da za a ce. Kayan kiɗa da tsada, wutar lantarki sai an ga dama, kuma har gobe iyaye da yawa ba sa son a kira ɗansu makaɗi, balle maroƙi. Duk gaskiya ne. To amma gidan su Mdou ma ba su so ba, don haka da wayar birkin keke ya ƙera jitarsa ta farko. Batun tarbiyya kuwa yana ga kalmar da aka rera da wurin da aka rera ta, kuma wanda ya amince da kiɗan kwamfuta a bikin 'yarsa ba shi da hujjar ƙyamar mai kalangu.

Asarar da nake hangowa ita ce ta hannu. Kalangu magana yake yi, kuma ba a koyon harshensa sai a gaban wanda ya iya. Idan 'ya'yan makaɗan cikin ganuwa suka ga sana'ar ba ta ciyar da gida suka koma tuƙin adaidaita-sahu, sautin zai saura a kwamfuta, mai sarrafa shi ya tafi.

Shawarata uku ce. Masu biki su ware wa makaɗan hannu wani abu daga kuɗin da suke ba mai kunna sauti. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano ta buɗe farfajiyar Gidan Ɗan Hausa ga matasan da ke son gwaji tare da tsofaffin makaɗa. Masu situdiyo kuma su gayyato mai kukuma da mai kalangu su zauna da mai jita, a naɗi kundi guda a saurara. Mutum huɗu ne kacal a ƙungiyar Mdou Moctar lokacin da ta fitar da Afrique Victime, kuma daga Ƙofar Mazugal zuwa Gwammaja ba za a rasa huɗun ba.