Wanda Ya Iya Iyo A Gulbin Rima, Zai Iya A Teku?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar albasa daga Wurno, ya rubuto cewa yakan kai kaya Legas da Kwatano, kuma yakan ga jama'a suna wanka a bakin teku. Ya ce shi tun yana yaro yake ƙetare Gulbin Rima da iyo. Shin iyawar nan tasa za ta wadace shi a teku?

AMSA: To malam, mun gode da wasiƙarka. Iyawar za ta taimaka, amma ba za ta wadatar ba, domin halin ruwan biyu ya sha bamban.

Ruwan gulbi hanya ɗaya yake bi. Duk ɗan Goronyo ko ɗan Rabah da ya tashi a bakin ruwa ya san ba a ja da shi, sai dai a bi shi a karkace har a kai gaɓa. Ita kuwa teku, igiyarta ba ta fasa turo ruwa bakin gaɓa, dare da rana, kuma tilas ruwan nan ya koma. Sai ya sami wata 'yar kafa tsakanin tudun rairayin da ke ƙarƙashin ruwa, ya taru ya fita ta nan da ƙarfi, kamar dai in an buɗe ƙofa ɗaya ta madatsar Goronyo. Gudunsa kan kai mita 2 a daƙiƙa guda, wani lokaci ma ya wuce. Gwanin iyo na duniya ba zai iya tsere masa ba.

Abin takaicin kuwa, wurin nan shi ne ya fi kama da wurin lafiya. Za ka ga hagu da dama igiya na fashewa da farin kumfa, tsakiya kuma ruwa ya kwanta lumui, ya ɗan yi duhu. Baƙo sai ya ce ga wurin wanka, alhali bakin kafar ke nan.

Ruwan nan ba ya jan mutum ƙasa, nesa da gaɓa yake kai shi. Abin da ke kashe mutane shi ne firgita da gajiya, suna ta kokawar komawa ta inda suka shiga. In ya ɗauke ka, kada ka yi gardama da shi. Ka kwanta rigingine ka huta, ka ɗaga hannu a gan ka, sa'an nan ka yi iyo zuwa gefe, hagu ko dama, tun da yawanci kafar ba ta da faɗi sosai. Da ka fita daga cikinta, igiya da kanta za ta taya ka komawa.

Teku tana da nata sauƙin. Kowace lita ɗaya tana ɗauke da gishiri wajen giram 35, shi ya sa jiki ya fi saurin tasowa sama. Kuma ba a ɗaukar tsargiya a cikinta, domin katantanwar da ke yaɗa cutar a tafkuna da magudanan noman rani ba ta rayuwa a ruwan gishiri. Sai dai a Legas ruwa na cika ya janye sau 2 a yini, inda ka tsaya iya gwiwa da hantsi yana iya kai maka ƙirji bayan 'yan awoyi.

In ka ga jar tuta a kafe, an hana shiga ke nan. Inda babu tuta, ka tambayi masuntan wurin. Kuma don Allah a tuɓe babbar riga, in ta jiƙe nauyinta kaɗai ya isa ya gajiyar da mutum.