Wa Ya Dace Ya Ja Ragamar Ƙungiyar Wayar da Kai Kan Muhalli?

Duk wanda ya taɓa duba takardar wata ƙungiya mai zaman kanta da ke wayar da kan jama'a game da muhalli, zai ga jerin sunayen shugabanninta a gefe guda: Dakta wane, Injiniya wane, Barista wance, sai wani Alhaji da ya yi suna a kasuwa. Galibi mai karatu kan tsallake jerin ya wuce wajen hotunan dashen itatuwa. Alhali a wannan jeri ne ake gane inda ƙungiya za ta sa gaba, domin kowane mutum da idon sana'arsa yake duban duniya. A tsayar da mutum huɗu a bakin kwarin da ruwa ya zaftare a gefen gona. Masanin ƙasa zai tambayi irin turɓayar da gangaren wurin, lauya zai tambayi mai gonar da iyakarta, malamin makaranta zai yi tunanin yadda zai bayyana wa yara abin da ya faru, manomi kuwa zai faɗi shekarar da ramin ya soma da itaciyar da aka sare kafin ya soma. Kowannensu ya ga gaskiya, amma babu wanda ya ga dukkanta. Don haka tambayar irin digirin da shugaba ke da shi ba ta wadatar ba. Abin da ya kamata a tambaya shi ne, wane ilimi da wane ilimi aka tara a teburin shugabanci, kuma wa ke da ikon yanke hukunci a cikinsu.

Wannan magana ta shafi gari irin Durba, da ke Ƙaramar Hukumar Kibiya a ƙasar Rano, kai tsaye. Kudancin Kano ya fi arewacin jihar samun ruwan sama, shi ya sa matsalarsa ba tudun yashi mai tafiya ba ce irin wadda ake nunawa a talabijin idan ana zancen kwararowar hamada. Matsalar ta fi kusa da gida: ƙasa ta gaji da noma shekara da shekaru babu hutu, ruwan damina na gangarowa daga duwatsu da tuddai yana cin gonaki, ana kayar da ɗorawa da kaɗanya da marke don itacen girki da gawayi, burtali na ƙanƙancewa, matasa na feshin maganin ciyawa babu safar hannu babu abin rufe hanci, sannan a wanke jarkar maganin a zuba ruwan sha. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da dasa itace a ranar biki zai magance. Duk suna buƙatar mutane su sauya yadda suke aiki, kuma mutum ba ya sauya aikin da ya gada sai ya ji daga bakin wanda ya yarda da saninsa da amanarsa.

Tarihin manyan ƙungiyoyin muhalli na Nijeriya ya nuna cewa ba ta ƙofa ɗaya ake shiga wannan aiki ba. Gidauniyar Kare Muhalli ta Nijeriya, wato NCF, an kafa ta a 1980, aka yi mata rajista a 1982, kuma jagoran kafa ta, Cif S. L. Edu, ɗan kasuwa ne na Legas. Cikin waɗanda suka tsaya mata tun farko akwai A. P. Leventis, shi ma ɗan kasuwa, wanda daga baya ya ɗauki nauyin cibiyar nazarin tsuntsaye a kusa da Jos. Abin da irin waɗannan mutane suka kawo shi ne sanin yadda ake tara kuɗi, da riƙe lissafi, da buɗe ƙofofin gwamnati da kamfanoni, har aka samar da cibiyar Lekki mai faɗin hekta 78 a 1990, inda ɗalibai ke zuwa ganin daji da namunsa. Amma kuɗi kaɗai ba ya koyar da kowa komai, shi ya sa suka miƙa gudanar da aikin ga masana. Ɗaya daga cikinsu shi ne Dakta Muhtari Aminu-Kano, wanda ya yi aiki a shirin kare fadamun Haɗejiya da Nguru, ya shugabanci gidauniyar, ya tafi ƙungiyar BirdLife a Ingila, ya yi aiki da Islamic Relief, sannan ya dawo ya sake riƙe NCF a 2018. Tafiyarsa ta haɗa kimiyya da zama da masunta da manoma da kuma sanin harshen addini, kuma irin wannan haɗin ne aikin ke nema.

Sauran misalan ma haka suke. Newton Jibunoh, wanda ya kafa ƙungiyar FADE mai yaƙi da kwararowar hamada, ya fito ne daga harkar gine-gine, har ya shugabanci kamfanin Costain na Afirka ta Yamma. Ratsa Sahara da mota ne ya sa masa damuwar hamada, ƙungiyarsa kuma ta yi aikin dashe a Makoɗa da ke arewacin Kano. Nnimmo Bassey mai zanen gine-gine ne kuma marubucin waƙoƙi, amma ɓarnar man fetur a yankin Neja Delta ta mai da shi ɗan gwagwarmaya, har ya shugabanci ƙungiyar Friends of the Earth ta duniya daga 2008 zuwa 2012. Priscilla Achakpa, da ke jagorantar ƙungiyar mata ta WEP da ta samo asali a Kaduna, daga aikin banki ta fito. Da a ce an gindaya sharaɗin sai mai digirin kimiyyar muhalli zai yi shugabanci, da an rufe wa waɗannan ƙofa. Amma kuma an lura cewa kowannensu ya ja ƙungiyarsa zuwa ga abin da ya fi iyawa: wannan ga aikin da ake gani a ƙasa, wancan ga neman haƙƙi da ɗaga murya, waccan ga tsara mata da samar musu abin dogaro. Tushen shugaba ƙarfi ne, kuma shi ne iyakar ganinsa.

Darasi mafi girma yana wajen masanan da suka gane iyakar takardarsu. Wangari Maathai ta Kenya ta yi digirin digirgir a 1971 a fannin halittar jikin dabbobi, ita ce mace ta farko da ta kai wannan matsayi a Gabashi da Tsakiyar Afirka. Da ta kafa ƙungiyar Green Belt a 1977, ba ta jira jami'an daji masu satifiket ba. Matan karkara ta koya wa tara iri da renon dashe, ana ba su ɗan ihsani kan itacen da ya rayu, har ƙungiyar ta kai ga dasa itatuwa sama da miliyan 50, ita kuma ta samu kyautar Nobel a 2004. Kusa da mu, a Maraɗi, Tony Rinaudo, masanin aikin gona daga Ostareliya, ya yi ta raba dashe yana mutuwa, sai a 1983 ya lura cewa ƙananan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara tohon kututturan manyan itatuwa ne masu saiwa a raye cikin ƙasa. Dabarar ba ta da tsada: a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a kan kututture, a datse sauran da wuƙa mai kaifi, a rage ƙananan rassa daga ƙasa, a kare shi daga dabbobi. Manoman Nijar suka sa mata suna sassabin zamani, kuma su suka yaɗa ta gona zuwa gona har ta kai kimanin hekta miliyan 5. Masani ya buɗe hanya, amma manomi ne ya zama malamin ɗan'uwansa.

Manomin ƙasar Kano ma ba baƙon wannan ilimi ba ne. Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa ɗan Ingila da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero, tare da abokan bincikensa, sun nuna cewa a ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano, inda jama'a suka fi cunkoso, itatuwan gona ba su ƙare ba kamar yadda aka yi hasashe, domin manoma na tattalinsu a matsayin dukiya. Mai gona ya san gawo na zubar da ganye da damina ya bar amfani ya sha rana, ya san dawa ta fi kyau a ƙarƙashinsa, matar gida kuma ta san abin da kalwa da ƙwaran kaɗanya ke kawo mata a ranar kasuwa. A 2018, lokacin da aka ba Rinaudo kyautar Right Livelihood, an ba wa Yacouba Sawadogo na Burkina Faso ita ma, manomin da bai yi karatun boko ba, wanda ya farfaɗo da dabarar haƙa ramuka a zuba taki a busasshiyar ƙasa har ya mai da fako daji. Idan duniya ta yarda irin wannan mutum masani ne, babu hujjar da za ta sa ƙungiyar da ke aiki a Durba ko Tarai ko Rurum ta riƙa kiran sarkin noma ranar taro kawai don ya cika kujera.

Mai ja da wannan magana zai ce ana neman rage darajar kimiyya, kuma ƙungiyar da ba masani a kanta za ta iya yaɗa kuskure da kyakkyawar niyya. Wannan ƙorafi yana da nauyi, kuma madatsar ruwa ta Tiga, da ke maƙwabtaka da Rano, ta isa shaida. An kammala ta a 1974, ta kawo noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure, alherin da kowa ke gani. Amma ita da madatsar Challawa da ta biyo baya a farkon shekarun 1990 sun sauya yadda ambaliya ke sauka a fadamun Haɗejiya da Nguru, ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoman can suka ɗanɗana kuɗarsu. Manomin da ke bakin Tiga, komai basirarsa, ba zai hango abin da ke faruwa a Nguru daga gonarsa ba. Sai mai auna ruwa da mai nazarin kogi daga mafarinsa zuwa ƙarshensa. Haka nan illar da maganin feshi ke yi a jiki a hankali ba a ganinta da ido. Saboda haka masani wajibi ne, kuma Kano na da su a Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Yankuna ta Jami'ar Bayero, da Kwalejin Noma ta Audu Baƙo da ke Dambatta, da malaman gona na hukumar KNARDA. Abin da ake ƙi shi ne a ɗauka cewa sanin abu daidai yake da iya koyar da shi, ko iya sa mutane su yi aiki da shi.

Koyarwa sana'a ce mai zaman kanta, kuma ita ce aka fi mantawa da ita wajen naɗa shugabanni, duk da cewa sunan aikin wayar da kai. Tsohon hedimasta da ya yi shekaru yana tsayuwa gaban yara ya san abin da ɗan aji huɗu zai iya ɗauka, ya san cewa yaron da aka ba dashe ɗaya da sunansa a jiki zai riƙa kawo masa ruwa a galan har rani ya wuce. Limamin da ya tunatar da jama'a hadisin da ke cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci daga shukar Musulmi sadaka ce gare shi, ya isar da saƙo inda takardar Turanci ba za ta kai ba. Malamar Islamiyya da ma'aikaciyar lafiya su ke shiga cikin gidaje, wajen matan da ke shaƙar hayaƙin murhu safe da yamma, kuma matan ne ke yanke shawarar irin itacen da za a saya. Arɗon Fulani kuwa, in ba ya cikin maganar, dashen da aka yi a bakin burtali ba zai ga damina ta biyu ba.

Wani zai ce masu ba da tallafi ba sa duba waɗannan. Turanci suke so, da rahoto, da lissafin da aka tantance. Gaskiya ne, kuma ba laifi ba ne. Ƙungiya na buƙatar rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, da amintattu, da asusun banki, kuma shiri irin ACReSAL, da Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 700 a 2021 don jihohin Arewa da Abuja, ba ya hulɗa da wanda ba shi da tsari. Akawu da lauya suna da gurbinsu, kuma rashinsu ya sha kashe ƙungiyoyi masu kyakkyawar manufa. Sai dai rubuta rahoto hidima ce ga aikin, ba shi ne aikin ba. Ƙungiyar da duk shugabanninta gwanayen neman tallafi ne takan wayi gari tana yi wa mai ba da kuɗi aiki maimakon mutanen gari, tana sauya manufa duk lokacin da tallafi ya sauya salo, kuma ranar da kuɗin ya yanke sai a rufe ofis.

Akwai kuma masu tsoron cewa tara mutane iri-iri zai haifar da jayayya, ko siyasar gari ta shigo ta raba kan ƙungiya. Maganin wannan tsari ne a rubuce: wa'adin shugabanci sananne, ƙuri'ar manomi da ta malama daidai da ta Dakta, a yi taro da Hausa, a karanta lissafin kuɗi a bainar jama'a, dagaci da hakimi su zama iyaye masu sa albarka da sasanci ba masu riƙe asusu ba. Jayayyar da za a yi a ɗakin taro kan irin itacen da ya dace da bakin fadama ta fi sauƙi a kan asarar dashe dubu da za a gano bayan shekara. Don haka idan wata ƙungiya ta zo Durba da alkawarin wayar da kai, ko matasan garin suka tashi kafa tasu, jama'a na da haƙƙin tambayar wa ya san ƙasa a cikin shugabannin, wa ya iya koyarwa, wa ke riƙe lissafi, wa ke wakiltar mata da makiyaya. Sannan a auna su da abin da ba ya ƙarya: yawan dashen da ke raye a watan Afrilu lokacin da zafi ya kai maƙura, da yawan manoman da suka ci gaba da aikin bayan an daina ba su ko kwabo.