Me Ya Sa Ake Rushe Madatsar Ruwa?

Ran nan a darasin Labarin Ƙasa malaminmu ya ce wai a Amurka gwamnati da kanta takan kashe kuɗi ta rushe madatsar ruwa. Duk ajin muka fashe da dariya, muna tsammani wasa yake yi. Amma da aka yi hutu na ba kakana labarin, shi bai yi dariya ba, domin masunci ne a fadamar Haɗeja. Wannan ya sa na bi diddigin maganar, ga kuma abin da na samo.

A jihar Washinton ta Amurka akwai wani kogi da ake kira Elwa, tsawonsa kamar kilomita 72. An gina masa madatsa ɗaya a 1913, aka ƙara wata a 1927, don samar da wutar lantarki. To, a kogin nan akwai wani kifi mai suna samon, wanda yake girma a teku, amma idan zai yi ƙwai sai ya hauro kogi ya koma inda aka ƙyanƙyashe shi. Da aka yi ginin ba a bar masa hanya ba, sai ya zamana iyakarsa kilomita 8 daga bakin teku. Kifi ya yi ta raguwa, mutanen asalin wurin kuwa, waɗanda da shi suka dogara tun kaka da kakanni, suka shiga wahala.

Ban da wannan, kogi ba ruwa kaɗai yake ɗauka ba, har da yashi da laka. Idan ya iske madatsa sai ya sauke su a bayanta. Shekara da shekaru tafkin yana cikewa, ginin yana tsufa, kuɗin gyara yana ƙaruwa. Da aka auna aka ga ɓarnar ta fi amfanin, sai majalisar ƙasar ta yi doka a 1992. Aka fara rushewa a 2011, aka gama a 2014. Ba a daɗe ba kifin ya haura har wuraren da ya kusan shekara 100 bai taka ba, yashin da ya taru kuma ya gangara ya cike gaɓar tekun da ruwa ya cinye.

To, ina ruwanmu da wannan? Mu ma muna da namu. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, duk a kan rafukan da suke haɗuwa su zama kogin Haɗeja. Amfaninsu ba ɓoyayye ba ne: Kano tana samun ruwan sha, manoman Kura da Kadawa suna noman rani na shinkafa da alkama da tumatir. Amma a da, ruwa yakan malale fadamar Haɗeja da Nguru da damina, ya janye da rani. A wannan malala kifi yake hayayyafa, a shuka shinkafa, shanu su sami ciyawa. Da aka tare ruwan sai malalar ta ragu, wasu wuraren kuma suka daina bushewa da rani. Nan ciyawar kacalla ta sami wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, tsuntsayen jan baki suka mai da ita gida suna cin hatsin manoma. Kakana ya ce inda yake tuƙa kwalekwale yana saurayi, yanzu sai da lauje ake wucewa.

Ni ban ce a rushe Tiga ba, domin har yanzu tana ciyar da jama'a masu yawa. Abin da na fahimta shi ne madatsa ma tana tsufa kamar mutum. Wadda amfaninta ya ƙare a kawar da ita. Wadda ke aiki a riƙa duba lafiyarta, don mun ga yadda ta Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024 ruwa ya ci Maiduguri. A kuma riƙa sakin ruwa a kan lokaci saboda mutanen da ke ƙasan kogi, su ma suna da hakki a cikinsa.

Ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai, in mun je hutu mu tambayi tsofaffinmu yadda rafin garinmu yake a da, mu rubuta kafin a manta. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.