Baƙin kaka sun sauka a Sakumono, amma masaukinsu sai ƙanƙancewa yake yi

Duk wanda ya saba bin hanyar bakin teku daga Nungua zuwa Tema ya san wurin. Teku na hannun dama, a hagu kuma ga wani shimfiɗaɗɗen ruwa mai ciyayi da taɓo. Yawancinmu ta tagar trotro muke ganinsa, wani ma har ya toshe hanci, mu wuce. To wannan shi ne tafkin Sakumo, wanda aka fi sani da Sakumono, kuma daga watan Satumba zuwa Nuwamba yana karɓar baƙin da suka fi duk fasinjan motar nan yin doguwar tafiya.

Baƙin dai tsuntsaye ne. Idan sanyi ya fara kunno kai a Turai da can ƙuryar arewacin duniya, abinci sai ya yanke musu, su ɗauko hanya ta gaɓar tekun Atilantika, su ratso Moroko da Muritaniya da Senegal, wasu su yada zango a Ghana. Lokacin ya zo daidai da kaka a arewa, sa'ad da ake yankan gero da dawa, ko da yake a nan kudu ƙaramar damina ce ake ciki. Wanda ya taso a ƙasar Hausa ya san shamuwa, mai zuwa da ruwan farko ta tafi in damina ta ƙare. Waɗannan ma haka suke bin lokaci, sai dai tafiyarsu ta ninka tata nesa ba kusa ba.

Fita kallon tsuntsaye ba ta son rana. Ana idar da sallar asuba ake kama hanya, domin da hantsi ya ɗaga zafi zai hana mutum tsayuwa, tururin da ke tashi daga ruwa kuma ya hana gani da kyau. Daga Ashaiman ko Tema tafiyar ba ta da nisa. Kayan aikin ma ba su da yawa: madubin hangen nesa in an samu, ko da guda ne a riƙa karɓa-karɓa, da hula, da ruwan sha, da takalmin da ba a jin tausayinsa, da ɗan littafin rubutu. Sauran kuwa haƙuri ne da rage surutu. Sai a ba rana baya, a tsaya nesa kaɗan, a bar ido ya saba.

Da farko mutum zai ce ai babu komai sai balbela. Bayan minti goma sai taɓon ya fara motsi. Ga zalɓe tsaye a ruwa kamar an dasa shi. Ga wani ɗan uwansa baƙi ƙirin da ke buɗe fikafikansa ya rufe kansa kamar laima, ƙananan kifaye su taru a inuwar, shi kuma ya cafke. Ga wasu masu farin ciki da baƙin baya, ƙafafunsu jajaye dogaye kamar tsinke. A sama kuma wani mai zanen fari da baƙi yana tsayawa cak a iska kafin ya faɗo ruwa da ka. Akan ga kirinjijiya ma, agwagwar dajin nan mai farar fuska da ba ta tashi sai da fito. Waɗannan yawancinsu 'yan gida ne, ana ganinsu kusan duk shekara.

Baƙin su ne ƙananan nan masu launin toka da ƙasa-ƙasa, waɗanda ke bin bakin ruwa suna soka baki cikin laka suna neman tsutsa da ƙananan dodon koɗi. Ba su da ado, shi ya sa ba a kula su. Amma ɗauki ɗaya daga cikinsu, wanda Turawa ke kira sandalin, ɗan fari-fari mai tsere da igiyar ruwa a kan yashi. Nauyinsa bai wuce na ƙwan kaza ba, wajen giram 50, amma a Girinlan da makamantanta yake yin sheƙa. Masu bincike sun daɗe suna sa wa irinsa zobba masu launi a ƙafa a gaɓar Esiama da ke yammacin Ghana. A 2009 an ga wani mai zobe a Nowe, ba a cika kwana biyar ba sai ga shi a Ghana, tafiyar kusan kilomita 6,000. Saboda haka in ka hango zobe a ƙafar tsuntsu, rubuta launukan yadda suke jere, da rana da wuri. Da irin wannan ɗan rubutu ake gane hanyoyinsu.

Akwai kuma fararen tsuntsayen teku masu dogon fiffike da wutsiya mai baki biyu, masu taruwa da yawa a kan tsibiran yashi. Su ne ma silar kare waɗannan wurare. A shekarun 1980 an lura wani jinsinsu mai ɗan ja-ja a ƙirji yana ƙarewa a Birtaniya da Ayalan, aka bi sawu aka tarar yara a gaɓar Ghana na kama su da tarko. Daga nan aka fara wani shiri na ceton tsuntsayen bakin teku a 1985, tare da ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya, kuma Farfesa Yaa Ntiamoa-Baidu na cikin waɗanda suka jagoranci aikin. Ƙidayar da aka riƙa yi ce ta nuna darajar tafkunan. Ghana ta shiga yarjejeniyar Ramsar a 1988, wato yarjejeniyar kare fadamu da aka ƙulla a garin Ramsar na Iran a 1971. A 1992 aka sa wurare biyar na bakin teku a cikin jerin: Keta, Songor, Sakumo, bakin kogin Densu da Muni-Pomadze kusa da Winneba. Na shida shi ne Owabi, kusa da Kumasi. Sashen kula da namun daji na Hukumar Gandun Daji ne ke da alhakin tsaronsu.

Tun kafin takarda ma akwai doka. Mutanen Tema na asali suna girmama tafkin Sakumo, kuma a al'adarsu akwai lokacin da ake hana kamun kifi a cikinsa duk shekara har kifi ya hayayyafa. Ko mutum bai yarda da dalilinsu ba, amfanin hanin a fili yake.

To amma fa wanda ya je Sakumono yau, in ya ɗaga madubinsa daga ruwa zuwa gefe, abin da zai gani katanga ce da bulo da tulin jar ƙasa da tifa ta juye. A takarda faɗin wurin hekta 1,364 ne. A ƙasa kuwa gine-gine sun cinye babban ɓangare. Magudanan da ke gangarowa daga unguwanni suna kawo leda da robobi da ruwan datti. Wurin da tsuntsu ya sauka bara ya ci ya ƙoshi, bana sai ya tarar da harsashin gini.

Wani zai ce, mutane na fama da kuɗin haya, wa ke ta tsuntsu? Tambayar na da nauyi, domin duk ɗan zango ya san yadda mai gida ke neman kuɗin shekara biyu a dunƙule. Sai dai fadamar da tsuntsu ke kiwo a ciki ita ce kwanon da ke karɓar ruwan sama in ya gangaro daga Ashaiman da unguwannin Tema kafin ya shiga teku. In an cike kwanon da ƙasa, ruwan ba ya ɓacewa, ɗakin wani zai nema. Accra ba ta manta daren 3 ga Yuni, 2015 ba, lokacin da ambaliya da gobarar gidan mai a Circle suka hallaka mutum kusan 150. Ba a Sakumono abin ya faru ba, amma darasin ɗaya ne: ruwa ba ya yafe hanyarsa.

Akwai kuma asarar aljihu. Hukumomin yankin Accra sun sha kai motocin rusau cikin wurin, ɗaya daga cikin waɗanda aka fi ji shi ne na 2025 bayan ruwan sama mai ƙarfi. Mai sayar da fili ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba, wanda ya tara gumin shekaru ya yi gini shi ke tsayawa yana kallon katangarsa a ƙasa. Don haka in an yi maka tallar fili mai araha a wajen Sakumono ko Klagon, kafin ka ba da ko sidi ɗaya, je Hukumar Filaye ka bincika ko yana cikin iyakar Ramsar. Araha dai ba ta ado.

Fitar kallon tsuntsaye ba za ta tsayar da tifa ba, wannan gaskiya ne. Amma wurin da babu mai zuwa, babu mai ƙirga abin da ke cikinsa, shi ya fi saurin salwanta. Ƙungiyar kare namun daji ta Ghana tana da kulob-kulob a makarantu, kuma Asabar ta biyu a watan Oktoba rana ce ta tsuntsaye masu ƙaura a duniya. Malaman makarantun zango da ƙungiyoyin matasa za su iya neman a haɗa su da mai rakiya, a kwashi yara a kai su da sassafe. A ja musu kunne: ba a zuwa da danƙo, ba a jifa, ba a korar garke don a ɗauki hoto, domin duk tashin da tsuntsu ya yi a banza kitsen tafiyarsa yake ƙonawa. A kuma kula da taɓon, yana da wuraren da ke nutsar da ƙafa.

Wanda bai samu zuwa a Oktoba ba, bai makara ba. Da yawa daga cikin baƙin suna nan har wajen Maris da Afrilu kafin su juya arewa. Mutanen Kumasi suna da Owabi, na yammacin Accra kuma bakin Densu ya fi musu kusa.