Karnukan Gadin Sharada: Jinin Kura Ne ko na Kyarkeci?

Akwai wata magana da ta daɗe tana zagayawa tsakanin leburori da direbobin da ke jiran lodi a bakin masana'antun Sharada, har ta kai Challawa da Bompai, cewa wai manyan karnukan nan masu miƙaƙƙun kunnuwa da ake saki a harabar kamfani da dare ba tsantsar karnuka ba ne, barbarar kura ce, wasu kuma suka ce ta kyarkeci. Da yake zancen ya cuɗa mai yiwuwa da mustahili, ya wajaba a rarrabe su.

Batun kura dai ba shi da tushe. Malaman ilmin dabbobi sun tabbatar cewa kura, duk da kamar da take yi wa kare a ido, nasabarta ta fi kusa da kyanwa da tunku. Kuma ƙwayoyin gadon da ake kira kuromosom guda 78 ne a jikin kare, alhali na kura mai dabbare-dabbare 40 ne, don haka ko an haɗa su ɗaki guda ba za a sami ɗa ba.

Na kyarkeci shi ne mai ƙanshin gaskiya, domin kyarkecin ƙasashen sanyi shi ne asalin kare, suna kuwa haihuwa da juna. A 1955 ma an yi wannan haɗi da gangan a Cekosulobakiya don neman karen tsaron iyaka. Sai dai wanda ya yi zaton irin wannan ruwa-biyu ya fi kare iya gadi ya jahilci ɗabi'ar kyarkeci, dabbar da ke gudun ɗan Adam, ba ta cika yin haushi ba, ba ta kuma ɗaukar umarni yadda kare ke ɗauka. A Amurka, inda ake sayen irin waɗannan ruwa-biyu don alfahari, da yawa kan gagari masu su da zarar sun balaga, sai su ƙare a gidajen da aka keɓe don kula da su har mutuwa. 

Wanda muke gani a bakin sito kuwa galibi karen Jamus ne, wanda wani hafsan soja, Max von Stephanitz, ya kafa irinsa a 1899 daga karnukan kiwon tumaki.

Abin tsoro na haƙiƙa a tare da wannan kare ciwon haukan kare ne. Mai kare ya kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allura. Wanda aka ciza kuma ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya garzaya asibiti a ranar, kada ya tsaya jiran alama.