NA'URA TA CE HAU, MUTUM YA CE SAUKA

Daren ran 1 ga watan Yuli, 2002, jiragen sama biyu suka yi karo a samaniyar garin Uberlingen da ke kudancin Jamus. Ɗaya na fasinja ne daga ƙasar Rasha, akasarin na cikinsa 'yan makaranta ne masu zuwa hutu Sifen. Ɗayan na kaya ne na kamfanin DHL. Mutum 71 suka rasu, ba wanda ya tsira.

Abin takaici, dukansu biyu suna ɗauke da na'urar da aka ƙera musamman don hana irin wannan haɗari, watau TCAS.

Aikinta shi ne aika saƙon rediyo ga jiragen da ke kewaye, su kuwa su amsa da tsawon hawan da suke. Daga jinkirin amsar take lissafa nisansu da saurin matsowarsu. In saura daƙiƙa 40 ko kusan haka a haɗu, sai ta gargaɗi matuƙi da murya. In abin ya matsa, na'urorin jiragen biyu su daidaita tsakaninsu, ɗaya ta ce wa matuƙinta ya hau, ɗayar ta ce sauka. Ba ta cewa a karkata dama ko hagu.

A daren nan haka ta yi. Ta ce wa na DHL ya sauka, ya sauka. Ta ce wa na Rasha ya hau. Amma ma'aikacin da ke ba jirage hanya daga Zurik, wanda shi kaɗai ke kan aiki a lokacin, kuma ba ya jin abin da na'urar ke faɗa, ya umurci na Rasha ya sauka. Matuƙan suka bi maganar mutum. Jirage biyu suka gangara wuri guda.

Da wuya a ga laifinsu ƙwarai, don ƙa'idar lokacin ba ta fito fili ba. Bayan haɗarin ne Hukumar Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Duniya ta tsai da magana: in umurnin na'urar ya saɓa da na ma'aikacin ƙasa, na'urar za a bi. Wannan ƙa'ida ce kuma ke kan matuƙin da ya kwashi jama'a daga Ikko zuwa Kano, ko alhazai zuwa Jidda.