Daidaiton Siffa a Tabarma, Faifai da Dagin Arewa

A ƙauyukan arewacin jihar Kano, daga Ɗambatta da Makoɗa zuwa Bichi da Minjibir, inda gonaki suka haɗe da juna har daji ya yi wuyar gani, yawancin kayan gida na aikin hannu suna ɗauke da wani darasi na lissafi da ake kira daidaiton siffa. Daidaiton nan iri biyu ne. Akwai na ninki, wato a sami layin da in aka ninke abu a kansa ɓari zai kwanta a kan ɓari ba ragi ba ƙari. Akwai kuma na juyi, wato a juya abu a kan tsakiyarsa ya dawo kamanninsa tun bai cika zagaye guda na digiri 360 ba.

Tabarmar kaba, wadda tsawonta ya fi faɗinta, layin ninki biyu kacal gare ta, na tsaye da na kwance, domin duk wanda ya ninke ta a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa zai ga gefunanta sun saɓa, kuma nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe. Murabba'i, mai gefe huɗu daidai, yana da layi huɗu, yana kuma komawa kamanninsa a kowane digiri 90.

Da'ira ta fi su duka, gama layukanta ba su ƙirguwa, kamar yadda ake gani a bakin rijiya da jikin rumbu. Amma da zarar mai saƙar faifai ta zuba rinannen ado sau shida a kewaye, to ta taƙaita juyin zuwa digiri 60, alhali ba ta riƙe ma'auni ba sai ido da ƙirgen ɗinki, abin da ya cancanci a kira shi gwaninta.

Dagin Arewa, wanda ake zanawa a bangon soro da kan riguna, shi ne ya fi bayyana bambancin nau'ukan biyu. In hannuwansa huɗu sun yi tsawo ɗaya, yana dawowa daidai a rubu'in zagaye, sai dai zarensa da ke hawa sama ya ratsa ƙasa ya hana shi daidaiton ninki, tunda madubi yakan mayar da zaren sama ya koma ƙasa.

Ya kamata malaman firamare na karkara su riƙa shiga aji da faifai da tabarma, su bar yara su ninke su juya da hannunsu kafin a zana komai a allo.